Wuƙar tsohon da ya koya mini fata

Na kai wata jakar fata hancina ke nan sai na ji wata Baturiya a bayana ta ce da Italiyanci, "Wa ya koya maka sansana fata kafin ka duba ɗinki?"

A kasuwar jakunkunan fata ta Shiling muke, can ƙasar waje, ina zaɓen jakunkunan da zan tura Kano. Na daɗe rabona da jin Italiyanci.

Na ce mata wani tsoho ne mai ɗinkin jaka a Italiya, shekara shida na yi a shagonsa. Kullum cewa yake ido na ruɗuwa, amma hanci ba ya ƙarya.

Ta ce, "Ka taɓa komawa ka gaishe shi?"

Na ce, "Dovevo tornare."

Sai ta ce, "Wato ba ka koma ba."

Haka yarensu yake. Da "sono dovuto tornare" na ce, ma'anarsa komawa ta zama dole kuma na koma. "Dovevo" kuwa ya kamata ne kawai, ba a cika ba. Bakina ya riga ni faɗin gaskiya.

Ranar da zan baro Italiya, tsohon ya ba ni wuƙarsa ta yankan fata, ya ce aro ne, in mayar masa da hannuna. Sai yanzu na gane ba wuƙar yake so ta dawo ba.

Tana nan cikin akwatina. Shi kuwa ban san ko yana raye ba.

Ku fa, wa kuke ta cewa za ku je ku gaisar?