Ranar da Na Ɗaga wa Maigidana Sirdin Keke

Shekarun baya, ina goyon ɗiyata ta biyu, likita ya ce sugan maigidana ya fara hawa, dole ya riƙa motsa jiki. Ciwon nan ne ya tafi da mahaifinsa. Tun daga ranar ko tari ya yi sai gabana ya faɗi.

Ya sayo keken tsere na hannu, mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai. Mai gyaran keke na unguwarmu, Gwadangaji, ya sauke masa sirdi can ƙasa, wai don ƙafa biyu su riƙa taka ƙasa kamar mai babur. Sati biyu gwiwa ta kumbura. Ya jingine keken a zaure, ya ce ya haƙura.

Ni ban yi nisa a boko ba, amma ina taka keken ɗinki. Na san in kujera ta yi mini gajarta, kafin la'asar gwiwata ta fara ciwo. Na kuma lura in yana tuƙi ƙafarsa ba ta miƙewa, kullum a naɗe take.

Da na faɗa masa sirdin ne ya yi ƙasa sai ya yi dariya. "Maman yara, mi ya haɗa tela da aikin makanike?"

Ban yi musu ba. Na sa ya hau ya dafa bango, ya ɗora diddige kan feda, muka riƙa ɗaga sirdin da sifana har ƙafar ta miƙe. Da farko na zarce, ƙugunsa na rangaji kamar na agwagwa, muka ɗan sauke. Tayar ma na nace aka sa mai ɗan faɗi. Wannan kam ba sani ba ne, tsoron ramukan hanya ne.

Bayan wata uku, wata Asabar ya fita da keken da sassafe. Leƙen ƙofa ya sa na ƙona shinkafa. Da hantsi ya kira.

"Ga ni Argungu, gwiwa lafiya lau. Malama tela, wane irin kifi kike so?"

Dariya nake ina share hawaye.

Har yau yana hawa, likita ma ya yaba. Ni dai na daina raina abin da idona ya gani.

Don Allah, in naku ya fara hawan keke ya ce gwiwa, kada ku bari ya jingine shi. Ku fara duba tsawon sirdin.