Wayar da Ta Wanke Sunana

Kafin in lalace, gyaran kwamfuta nake a Talata Mafara, kuma hannuna na da kyau, wannan ko maƙiyina ya sani. Da matasa suka fara buɗe shagunan gem, wato wasan kwamfuta, kowa na neman monita mai sauri, wadda hotonta ke sabuntawa sau ɗari da arba'in da huɗu a sakan, sai idona ya buɗe.

Da wayar da ke haɗa kwamfuta da monita na fara cuta. In ba mutum tsohuwar wayar HDMI wadda ba ta wuce sau sittin a sakan, in rantse masa ita ce daidai. Da na ga ba mai dubawa, na koma sayen katin girafik, mai fitar da hoto a kwamfuta, wanda ya gaji, in wanke, in sa a sabon kwali. Wani mai haɗa bidiyon biki a Maradun katin da na sayar masa ya ƙone ana jibi zai miƙa aiki. Ya kai ƙara, wasu suka biyo shi da kwalayensu. Shekara biyu na yi a gidan yari, mahaifina malamin makaranta ya daina zama a ƙofar gida don kunya.

Da na fito, ko gaisuwata da ƙyar ake amsawa. Wata uku ba wanda ya kawo mani ko linzamin kwamfuta.

Ran wata Talata, ana cin kasuwa, Alhaji Sani mai shagon gem a Bakura ya shigo da kwamfuta da monita. Bai san tarihina ba. Ya ce hoto na tsinkewa, an ce masa sai sabon kati, ko nawa ne in kawo. Wallahi zuciyata ta yi magana. Na duba, katin lafiyarsa lau. Na cire wayarsa na sa ta DP mai ɗaukar sauri, na shiga saiti na ɗaga lambar saurin zuwa ɗari da arba'in da huɗu. Hoto ya tafi sumul.

"Wagga waya kaɗai?" in ji shi.

Na ce, "Awo, Alhaji. Katinka ba abin da ya same shi."

Ya baza labarin har Janbako. Yau layi ake a shagona, mai bidiyon Maradun ma ya dawo.

Ƙannena, in za ku sayi kati, ku tabbata ramin da ke bayansa ya dace da na monita, a kunna a gabanku ku ga lambar da idonku. In kuwa ku ke sayarwa, ku faɗi gaskiya. Ni dai jiya na tarar da Baba ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar gida.