Keken Baba Mamani Mara Zare

A yi wa Laila afuwa. Ba ta taɓa rubuta komai ba sai aikin lekol, wato makaranta, kuma har yanzu ta rasa ko tela take yi wa jinjina ko likita.

Kullum da hantsi Baba Mamani kan buɗe shagonsa a bakin kasuwar Dakoro, ya ɗiga wa kekunansa biyu mai. Ɗaya na ɗinki ne. Ɗayan ba zare, ba allura, amma da wuya ka same shi ba kowa a kai.

Innar Laila, Ladidi mai fura, ta karye a idon sahu. A Maradi aka sa mata ƙarfe, can kuma aka cire. Likita ya ce ƙashi ya haɗe, ta riƙa motsa ƙafar. Ta ƙi.

"Sun cire abin da ke riƙe ni, sannan in taka? Bisa mi?"

Ƙafa ta sandare, aka kife ƙwaryar fura, alhali da ita gidan ke ci.

Baba Mamani ya aiko wai yana neman mataimakiya. Aka kai Ladidi a amalanke, ya nuna mata keken mara zare.

"Taka, Ladidi."

"Ina ƙyallen?"

"Wa ke ba ƴar koyo shadda? Taka!"

Ta yi ta takawa, diddige, yatsu, diddige, tana mita. Laila na riƙe mata sanda, tana leƙen abin da ake ɗinkawa. Ba komai.

Har damina ta faɗi, ba ƙyalle. Rannan Inna ta fusata.

"Mamani, ka maishe ni mahaukaciya!"

Ta miƙe fuu, ta yi gida. Sai a ƙofar gida ta tuna da sandar.

Baba, kai ne telan da ke ɗinka tafiya. An tambaye ka inda ka koya, ka ce kai ɗinki kawai ka sani. Allah ya saka maka. Duk mai tsohon keke a ɗaka, ya fito da shi.

Laila ta zo shagon za ta karanta masa wannan, sai ta tarar da Inna tsaye, ƙwarya bisa kai, tana neman ƙyallenta. Laila ta naɗe takardar, ta sulale ta bayan rumfa.