Zazzaɓin Taubashina da Maganin 'Yan Dubiya

Na kwana a asibitocin ƙasashe da dama, wani zubin a kan gado, wani zubin a tabarmar mai jinya, amma ban taɓa ganin zazzaɓi mai jin kunyar likita irin na taubashina ba. Ɗan kawuna ne, falken shanu a Bawku. Tun muna yara nake kiransa bawana, shi ma haka yake kirana.

A Salaga abin ya kama shi, ya je sayen shanu. Da la'asar jiki ya ɗau zafi, gumi ya jiƙa riga, gaɓoɓi su yi ta ciwo, da safe kuma ya warware. Aka yi masa maganin zazzaɓin sauro, a banza. Sai aka aiko mini in zo tafinta, don ina jin Gonjanci da Dagombanci da Turanci. Shi kuwa ban da Hausa da Kusasanci, sai yaren shanu.

Muka koma Yendi, inda ƙanwarsa ke aure. Aka ɗebi jini neman taifod, aka ɗauki hoton ƙirji neman tarin fuka, komai fes. Nas ta sa masa ma'aunin zafi, jiki lafiya lau, ta juya baya ya hau rawar ɗari. Makonni suka shuɗe, ƙaton mutum ya zube, har ya fara gaya mini wanda zai riƙe masa yara.

A Abidjan na ga ɗan dubiya da lemo yake zuwa, a Makka da dabino. A zangonmu, wato unguwannin Hausawa, da magani yake zuwa. Na Salaga jiƙon sassaƙe suke kawowa a galan. Na Yendi rubutun malam, da ragowar ƙwayoyin wani da ya warke bara. Da muka isa asibiti a Bawku kuwa, ga na Togo, ga na Burkina, kwalayen duk da Faransanci. Kuma a gaban mai kawowa ake sha, don ƙin sha kamar zarginsa ne.

Likitar da muka samu matashiya ce, Ba'ashantiya. Wata rana ta shigo lokacin dubiya, ta tarar yana haɗiyar wani kafso ja da rawaya.

Ta ce da ni, "Baba, tambaye shi mene ne wannan."

Ya ce, "Bawa, gaya mata na Alhaji maƙwabcina ne. Matarsa ta sha ta warke."

"Me ya sami matar?"

"Haƙori."

Ta leƙa ƙarƙashin gado, ta jawo jakar da yake tara magungunan 'yan dubiya, ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi mana bayani: wata ƙwayar tana saukar da zafi kafin nas ta auna, wata tana kwantar da ƙwayar cuta ta ƙi fitowa a gwaji, wata ma ita kanta tana kawo zazzaɓi. Ta ce addu'a da rubutu ba ta hana ba, amma sauran duk a tsaya, a bar ciwon ya nuna fuskarsa.

Ya ce, "Mutum ya taso tun daga Tempane, in ce masa ba na sha? Gara zazzaɓin."

Ni aka ɗora wa aikin. Na zauna bakin ƙofa da babbar riga, duk wanda ya kawo in karɓa hannu biyu, in sa albarka, in ce sai ya ci abinci tukuna. In na tashi salla aljifaina suna ta kacau-kacau.

Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya fito sosai. A cikin zafin aka ɗebi jini aka aika babban gari. Ita kuma ta zauna tana tambaya: yana shan madara ɗanya? Kullum, daga ƙwaryar tatsa. In saniya ta kasa haihuwa fa? Da hannunsa yake ciro ɗan.

Amsa ta dawo, cutar nan ce da ke sa shanu ɓari. Likita ta ce tana da magani, sai dai na makonni ne, kuma daga yau a tafasa madara. Na fassara masa. Ya share ido da hannun riga, sannan ya gyara zama.

Ya ce, "Tambaye ta ko jinin ya nuna wace saniya ce. Ina so in ba ka ita ladan jinya."