Turaren Fasinjan Bobboyi

Bobboyi ɗan cikin garin Yola ne, direban keke napep, mutum mai son hira da fasinja. A shekarun da bama-bamai ke tashi a Jimeta, wata rana bayan la'asar ya ɗauki wani mutum mai farar babbar riga zuwa bakin kasuwa. Mutumin ya sha turare mai nauyi, mai zaƙi-zaƙi, har yana kama maƙogwaro.

"Malam, ango ne?" in ji Bobboyi yana dariya.

Suka isa bakin kasuwa. Mutumin ya sauka, ya kutsa cikin jama'a. Bobboyi bai yi nisa ba ƙasa ta girgiza, kunnuwansa suka toshe. Daga baya waɗanda suka tsira suka ce mai farar riga ne ya tayar da bam.

Ƙamshin ya zauna a kujerar baya. Ya wanke da sabulu, ya goge da kalanzir, amma da zarar rana ta yi zafi sai ya sake tasowa. Ya sayar da keken, ya koma noman masara a ƙauyen Namtari. Matarsa Sabuwa ta daina ajiye turare a ɗaki ba tare da ya ce mata komai ba.

Bara ya kai masara garin Ngurore, ya tsaya sallar Juma'a. Liman ya yi kabbara ke nan, wani ya shigo sahu ta damarsa, sai ƙamshin nan ya daki hancinsa. Fatiha ta ɓace masa. Kafaɗar mutumin na gugar tasa, shi kuwa yana jiran ƙara. Ya so ya gudu, amma ya ci gaba da bin liman. Da aka yi sujada ya ji kamar ba zai ɗago ba.

Aka sallame. Ashe wani tsoho ne mai sayar da goro, Malam Nu'uman.

"Ɗana, zazzaɓi ne? Duk ka jiƙe."

"Bappa, turarenka ne," ya faɗa da ƙyar, sannan ya ba shi labari.

Tsohon ya ce, "Jikata ce ta sayo mini. In dai zan zo masallacin nan, na bar shi."

Bobboyi ya yi godiya. Har yau yana zuwa Juma'a, amma a sahun ƙarshe yake tsayawa, daf da ƙofa.