Ranar da Hamisu Ya Wasa Gatari

Hamisu maƙwabcina ne a ƙauyen Sarkin Yamma, kuma duk garin ba mai rowar itace kamarsa. Ka roƙe shi damin hatsi zai ba ka, amma ka karyi reshe a gonarsa, to kun daina gaisawa ke nan. Tun yana saurayi, lokacin da kowa ke share gona ƙwal, shi sai ya bar tohon da ke fitowa a kututture, ya sassabe raunana, ya bar mai ƙarfi. Mun yi masa dariya har mun gaji. Yau gawo da kalgo sun rufe gonarsa, hatsinsa kuma ya fi namu.

'Yarsa Mardiyya tana karatun na'ura mai ƙwaƙwalwa a Maraɗi. Da bazara ta zo da labarin cewa malamansu sun sauya salo, yanzu kowane ɗalibi sai ya ƙirƙiro tsarin da zai amfani ƙasa ko ruwa ko daji. Nata shi ne ɗaukar hoton kowane itace da wayar salula, a sa shi a taswira, a riƙa bin girmansa. Da gonar babanta za ta fara.

Hamisu bai yi na'am ba. A zamanin mahaifinsa, itacen da hukuma ta san da shi ya tashi daga naka, ko reshe ba ka isa ka taɓa ba. Ya ce mini gara ya sare su da hannunsa da ya koma gadin kayan wani. Da safe na gan shi gindin babban gawon da gatari, sai na ƙarasa wurinsa.

Mardiyya ta iske mu. Ba ta yi gardama ba, ta ɗauki hoton gawon, ta kai salular bakinsa.

"Baba, tsarin ba ya karɓar itace sai mai shi ya faɗi sunansa. Ni na gina shi haka. Na wa ne?"

"Na Hamisu ne," in ji shi. Da ya faɗa, salular ta maido masa da muryarsa, sai ya jingine gatarin.

Yini guda yana jan mu daga itace zuwa itace, har da nawa na kan iyaka ya so ya haɗa. Da muka kai wani tohon gawo da bai wuce gwiwa ba, ya durƙusa, ya gyara murya.

"Wannan na Mardiyya ne."