Abin da Haulatu Ta Ƙi Rubutawa

Duk wanda ya yi firamare a cikin garin Daura shekaru talatin baya ya san Malam Sada hedimasta, in bai sha bulalarsa ba ya sha faɗansa. Haulatu 'yarsa ce, wadda yake goyawa a keke ya kai ta aji da kansa. Ta riƙe karatu gam har ta zama malama a wata kwaleji nan Daura, tana koyar da aikin gona. Ranar da ta samu gurbin digiri na uku a wata jami'a mai nisa, tsohon nan sai da ya bi unguwa gida-gida yana faɗa.

Bincikenta a kan ƙasar gonakin gero ne, na garuruwan Dutsi da Babban Mutum. Aikin damina ne. In ruwa ya ɗauke ba ta ɗebi ƙasa ta auna tsiro ba, sai kuma baɗi. Shekara biyar jami'a ta ba ta ta gama.

A shekara ta biyu Malam ya fara rikicewa. Da fari mantuwa ce, ya yi azahar sau uku. Daga baya abin ya munana. Mutumin da ko zaure ba ya leƙawa babu hula, sai ga shi yana tuɓe riga a tsakar gida, yana ɓata shimfiɗa, yana ɗura ashar da ba a taɓa ji a bakinsa ba. Matarsa ta rasu tuntuni. Munzali, babban ɗansa da ke kasuwanci a Kongolam, ya zo jinya, Malam ya bi shi da sanda yana kiransa ɓarawo. Haulatu kaɗai yake bari ta matso, don a ganinsa innarsa ce. Sai ta nemi izinin mijinta, ta kwaso 'ya'yanta biyu ta dawo gida.

Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke wanke shi. 'Ya mace ta wanke ubanta! Ranar farko ta yi kuka har ta gode Allah. Amma ta ƙudura a ranta babu wanda zai ji. In tsofaffin ɗalibansa suka zo dubiya, a zaure take tare su ta ce, "Ƙafa ce ke damunsa, yanzu ya ɗan samu barci."

Damina uku suka wuce, ba ta taka gona ko ɗaya ba. Farfesa Siddiƙa, mai duba aikinta, ta buga mata waya ya fi a ƙirga.

"Haulatu, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, Farfesa. Aiki ne ya yi mini yawa."

Wallahi abin nan yana ci mini rai har yau. Magana ɗaya fa za ta faɗa a taimake ta! Da lokaci ya ƙure aka aiko mata takardar neman ƙarin wa'adi, da wurin rubuta dalili. Ta rubuta "uzurin gida", ta mayar. Kwamiti ya ce wannan ba dalili ba ne. Saura wata guda Malam ya cika, wasiƙar sallama daga jami'a ta iso.

Ranar sadakar uku da hantsi Farfesa ta zo ta'aziyya. Munzali ne ya tare ta a ƙofa, tausayin ƙanwarsa ya sa ya kwashe komai ya faɗa mata. Ta shiga ɗaki idonta jawur, ta zauna kusa da Haulatu a tabarma.

"Haba Haulatu! Shekara uku? Ai akwai doka. Mai jinya tana iya dakatar da karatu har ta samu sarari. Ni kaina na yi wa mata biyu. Me ya hana ki faɗa mini?"

Haulatu ta sunkuyar da kai.

"Yanzun ma ba a makara ba," in ji Farfesa. "Ki kawo takardar likita da sunan ciwon, ki rubuta duk abin da kika yi fama da shi. Ni zan tsaya miki, za su mayar da ke."

"Wa da wa za su karanta?"

"Sashenmu, sai tsangaya, sai babban kwamiti. Da akawuna, ba shakka."

"Cikinsu akwai 'yan Daura, Farfesa. Biyu na sani, Baba ne ya koya musu karatu."

Daga zaure ana jiyo maza suna yabon mamaci. Wani dattijo yana ta rantsuwa cewa Malam Sada har ya koma ga Allah hankalinsa garau yake, bai taɓa furta kalmar banza ba.

Farfesa ta riƙe hannunta. "'Yata, Malam ya riga ya tafi. Ke fa? Shekara biyar ɗinki fa?"

Nan hawaye suka ɓalle wa Haulatu. Tana son karatun nan, Allah ya sani, tana sonsa kamar ranta, kuma ta san ba za ta sake samun irinsa ba.

"Farfesa, ni ina da rai. In aka ce na kasa, zan ji, zan haƙura. Shi in aka yi da shi, ba ya nan balle ya ce wani abu."

Haulatu ta share fuska da bakin mayafi, ta tashi ta kai wa masu gaisuwa ruwa.